Ƙauyen alkama a Kansas da gardamar wanda ya gina shi

Baƙon Wichita: Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya wani abokin aikina Bature ya ja ni ƙauyensu, wai in zo in ga bikin casar alkama da suke yi duk watan Agusta. Sunan garin Goessel, a tsakiyar jihar Kansas ta ƙasar Amurka, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Wichita ba. Mutanen garin kaf ɗinsu ba su cika 600 ba, kasuwar ƙauyenmu ranar Laraba ta fi su cika. Amma suna da gidan tarihi na kansu, kuma abin da na gani a ciki ne ya sa na ce sai na kawo muku.

Kakanninsu 'yan wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Menonayit, masu aƙidar cewa ɗaukar makami haramun ne ko da sarki ne ya ce a ɗauka. Wannan aƙida ita ta yi ta yawo da su. Asalinsu wajen Holan ne, suka koma ƙasar da a yau take cikin Polan, daga nan suka gangara kudancin daular Rasha, inda yanzu ake kira Yukiren, don sarakunan Rasha sun yi musu alkawarin ba za a sa 'ya'yansu soja ba. A 1821 suka kafa ƙauye suka sa masa suna Alexanderwohl. Bayan shekara hamsin da 'yan kai sai kiɗa ya canza, gwamnati ta ce kowane saurayi sai ya yi aikin soja. A 1874 kusan ƙauyen gaba ɗaya ya sayar da gonaki, suka bi limaminsu Jacob Buller, suka hau jiragen ruwa biyu, Cimbria da Teutonia, sai Amurka. Har sunan ƙauyen suka taho da shi, majami'arsu da ke arewa da garin har yau shi take amsawa.

Abin da suke alfahari da shi shi ne wai su suka kawo irin alkamar da ake kira Turkey Red, wato jar Turkiyya, wadda ta mai da Kansas rumbun alkamar Amurka.

Na Kura: Wa alaikumus salam. Malam Baƙo ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni shekarata goma sha huɗu ina noman alkama a fadamar nan. Yaya irin yake, dogo ne ko gajere? Kwana nawa yake yi?

Baƙon Wichita: Dogo ne Alhaji, damin da suka ajiye ya kusa kai mini ƙugu, karan siriri, zangarniyar da gashi. Maganar kwana kuwa ka zauna da kyau kafin in faɗa maka. Ana shuka ta ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ta tsiro kamar ciyawa, sanyi ya zo ƙanƙara ta rufe ta, ta kwanta barci wata uku ko fiye, in gari ya fara ɗumi ta farka, a girbe a watan Yuni. Wajen wata tara ke nan a gona.

Na Kura: Wata tara! Ai wannan ciki ne ba noma ba.

Hajiya Mai Gurasa: Alhaji ka ba ni dariya. To ai gara ita, ba a yi mata suna da rago.

Baƙon Wichita: Hajiya bari in ba ki wanda zai fi burge ki. Akwai labarin da kowane yaro a yankin ya sani, na wata yarinya 'yar shekara takwas mai suna Anna Barkman. Wai kafin su taso daga Kirimiya mahaifinta ya sa ta zauna tana tsince ƙwayar alkama ɗaya bayan ɗaya, tana ware jajaye masu ƙwari, har ta tara abin da suka ƙullo suka taho da shi. Danginta ba a Goessel suka sauka ba, a wani ƙauye ne kusa da Hillsboro, amma duk yankin sun ɗauki labarin nasu ne.

Hajiya Mai Gurasa: Allah sarki yarinya. Ni na san wannan aiki. Kakata ta sha zaunar da mu a gaban faifai muna tsintar tsakuwa a alkamar alkaki, kafin la'asar wuyanka ya ƙage, idonka yana ganin ja ko ka rufe shi. Ko ba komai an tuna da mace a tarihi.

Malamin Tarihi: Hajiya ki yi haƙuri zan zuba wa miyar ruwa. Wannan labari masana tarihin Kansas da dama ba su gamsu da shi ba. Ba wai yarinyar ba ta wanzu ba, ta wanzu. Matsalar lissafi ce. Iyalin da zai tsallaka Turai a jirgin ƙasa, ya tsallaka teku, ya sake hawa jirgin ƙasa, da yara da tsofaffi da akwatunan kaya, mudu nawa na iri zai iya ɗauka? Kuma a shekarun farko su kansu baƙin sun yi ta shuka masara da wasu hatsi kamar maƙwabtansu. Sannan tun kafin su iso akwai wani ɗan kasuwar filaye a Abilene, T. C. Henry, da ya riga ya fara tallata alkamar da ke kwana cikin sanyi, sai dai tasa mai taushi ce.

Jar alkamar ba ta mamaye jihar ba sai bayan shekaru, kuma dalili biyu ne. Na farko injin niƙa. Tana da tauri, dutsen niƙa na lokacin ba ya iya mata da kyau, don haka masu niƙa suna karya mata farashi. Sai da injina masu naɗin ƙarfe suka yaɗu a shekarun 1880 sannan ta yi daraja. Na biyu wani mutum, Bernhard Warkentin, shi ma Menonayit ne, mai injin niƙa a Halstead da Newton. Shi ya riƙa yo odar iri daga Rasha da yawa yana bai wa manoma. A 1900 ƙungiyoyin masu niƙa da dillalan hatsi na jihar suka sa shi ya shigo da wajen tan 400 a tashi ɗaya. A daidai wannan lokaci ma'aikatar gona ta Amurka ta tura masaninta Mark Carleton Rasha har sau biyu neman iri. To ina faifan yarinya, ina tan 400?

Hajiya Mai Gurasa: Malam kai dai ba ka son a ji daɗi. Da ba a fara da faifan ba, wa zai san irin yana yi a ƙasar har a yo odar tan ɗari huɗun?

Malamin Tarihi: Wannan kuma kin yi gaskiya, ban musa ba. Wani ya fara gwadawa. Abin da na ƙi shi ne a ce daga tsintar yarinya sai rumbun duniya, a tsallake mai injin da mai jirgin ƙasa.

Ɗan Damagaram: Sannunku da hira. Ni tambayata ɗaya ce. Mutum ya sauka ƙasar da bai san kowa ba, bai iya harshensu ba. Wa ya ba shi gona? A wurinmu ko ƙaura ka yi zuwa gari na gaba sai ka bi ta wurin mai gari.

Baƙon Wichita: Yauwa, ka zo wurin. Mai garinsu kamfanin jirgin ƙasa ne, Santa Fe. Gwamnatin Amurka ta ba kamfanin fili wajen eka miliyan 3 a Kansas ladan shimfiɗa layin dogo. Fili ba mutane ba ya kawo kuɗi, jirgi kuma ba ya cin riba in babu kayan dako. Sai suka ɗauki wani Bajamushe, C. B. Schmidt, aikinsa kawai farautar manoma, har Rasha ya je yana zawarcinsu. Wani kamfanin jirgin a jihar Nebraska shi ma yana ta jan su, aka yi ta yi musu rige-rige kamar 'yan kamasho a tasha. Majalisar Kansas ma a 1874 ta yi dokar da ta yafe wa masu irin aƙidarsu shiga rundunar jiha.

Da suka iso kaka ta riga ta yi, sanyi na tafe, ba gida ba bukka. Kamfanin ya gina musu dogayen zauruka biyu na katako, kowanne tsawonsa ƙafa 200, faɗinsa 18. An sake gina irinsa a gidan tarihin, na shiga. Ku ɗauka rumfar kasuwa ce aka yi wa bango. Iyalai da yawa a ciki, kowa da ɗan yankinsa, akwatin kayanka shi ne kujerarka shi ne katangarka. Na ga akwatunan, manya na katako da sunan mai shi a jiki da rubutun Jamusanci. Guzurinsu kuwa wani ɗan burodi ne mai hawa biyu da mata suka gasa suka sake gasawa har ya bushe ƙayau, suka cika buhuna da shi don kada ya lalace a hanya. Na tuna dakuwa da ƙuli-ƙulin da ake ƙulla wa matafiyi.

Kuma shekarar da suka zo ita ce shekarar fara. A damina ta 1874 fara ta sauka wa Kansas ta cinye masara har kara, manoma da yawa da suka riga su zuwa suna tattara komatsai suna komawa gabas. Su kuma suna shigowa da kuɗin gonakin da suka sayar a Rasha, suka sayi dawaki da shanu da garma da araha a hannun masu gudu.

Ɗan Damagaram: Ashe ba hannu wofi suka zo ba. Faɗuwar wani tashin wani.

Baƙon Wichita: Sosai. Akwai talakawa cikinsu, amma jama'ar ta haɗa kuɗi ta ranta musu na hanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Barrister na Zariya: Ina ta karantawa ina jiran a zo wata gaɓa, na ga ana neman tsallake ta. Filin nan da gwamnati ta ba kamfani kyauta, gadon uban wa ne? Sunan jihar kansa na wata ƙabila ce, Kansa ko Kaw. A 1873, shekara ɗaya tak kafin waɗannan baƙi su sauka, aka tasa ƙeyar ragowar Kaw, mutum ɗari biyar da 'yan kai, daga Council Grove zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma. Ɓaunar dajin da ƙabilun yankin suke rayuwa a kanta kuma 'yan farauta suna karkashe ta don fata. Saboda haka in an ce "waɗanda suka sari daji" ni sai in ji wani iri. An share musu wurin ne kafin su zo. Mutanen da suka gudo don kada su riƙe bindiga, sun zauna a filin da bindiga ta share.

Hajiya Mai Gurasa: Kai Barrister. Su suka kore su? Saye suka yi da kuɗinsu.

Barrister na Zariya: Hajiya a kotu wanda ya sayi kayan sata ba a yanke masa hukuncin ɓarawo, amma ba a ba shi lambar yabo.

Malamin Tarihi: Barrister, kwatancenka ya yi tsauri amma tushensa gaskiya ne. Sai dai in ƙara maka, ba 'yan asalin ƙasar kaɗai aka matsar ba. Burtalin shanun Texas da ake kira Chisholm ta daidai wannan yanki ya ratsa, kuma a 1871 Newton ce tashar lodin shanu. Da manoma suka yi yawa sai dokoki suka koma goyon bayansu, aka ɗora wa mai dabba alhakin tsare dabbarsa, aka yi ta tura masu koro shanu yamma. Wayar ƙaya ma a 1874 aka yi mata rajista. Wanda ya san yadda burtali ke ɓacewa a ƙasar nan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Baƙon Wichita: Na yi wa abokin nawa wannan tambaya a mota muna dawowa. Ya yi shiru ya ce a makarantar firamare labarin yarinyar aka koya musu, na Kaw kuwa sai da ya girma ya nema da kansa. Ya ce yanzu akwai 'yan ɗariƙarsu da ke tayar da maganar. Ban matsa masa ba, a motarsa nake.

Takari na Sennar: Salamu alaikum daga Sudan. Ni abin da ya taɓa ni ɗauko sunan gari da suka yi. Kakanninmu bayan yaƙin Burmi a 1903 haka suka yo gabas don kada su zauna ƙarƙashin Nasara, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mai hijira don addini duk inda yake halinsa ɗaya, yana ɗauke da iri a ƙulle da harshe a baki. Su sun riƙe nasu harshen?

Baƙon Wichita: Wa alaikumus salam Yaya. Sun riƙe shi wajen tsara uku, wani karin Jamusanci ne na gida, a majami'a kuma Jamusancin littafi. Yaƙin duniya na farko ne ya fara karya shi. Amurka na yaƙi da Jamus, ga mutane suna Jamusanci kuma sun ƙi zuwa soja, sun ƙi sayen takardun bashin yaƙi. An shafa wa wasu fenti ruwan ɗorawa, an ci mutuncin wasu a bainar jama'a. Yanzu sai tsofaffi ke jin harshen. Sunan garin ma ba nasu na asali ba ne. A 1895 wani jirgin ruwan Jamus mai suna Elbe ya nutse, kyaftin ɗinsa Kurt von Goessel ya tafi tare da shi, wani likitan ƙauyen ya karanta labarin a jarida ya ba da sunan lokacin da za a buɗe musu gidan waya.

Wani abu kuma, da farko sun so su zauna yadda suka saba a Rasha, gidaje a jere a layi ɗaya, gonaki a bayan gari an yanka su sirara-sirara. Bai daɗe ba tsarin ya watse, don a Amurka an riga an yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowa ya koma ya gina gida a tsakiyar gonarsa. Gidajen farko kuwa da tubalin laka da ciyawa suka yi su, irin namu sak, don babu itace a wurin. Murhunsu na bulo ne a tsakiyar gida, ana cusa masa tattakar alkama da busasshen kashin shanu, ya dafa abinci ya kuma ɗumama ɗakuna.

Na Kura: To ni duk wannan tarihi na ji. Malam Baƙo in za ka dawo ka ƙullo mini ko rabin mudu ne in gwada a bayan gida.

Injiniyar Gona: Baba Alhaji kada ka wahalar da shi, ko ya kawo ba za ta yi ba. Irin wannan alkama sai ta sha makonni cikin sanyi mai kusan daskarar da ruwa kafin ta yarda ta fitar da kai. Hunturunmu bai kai nan ba. Za ta yi maka ganye kore shar har zafi ya zo ya ƙone ta, ko zangarniya ɗaya ba za ka gani ba. Namu irin na wata uku zuwa huɗu ne, shi ya sa ake so a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta yi ido kafin zafin Maris.

Amma abin da zai ba ka mamaki, jininta yana gonarka. A Japan an haɗa wani gajeren iri mai suna Norin 10, kuma Turkey Red tana cikin iyayensa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kai shi Amurka, daga nan ya isa hannun masanin noma Norman Borlaug a Meziko, ya fitar da gajerun irin da ba sa kwanciya in an ba su taki. Yawancin irin zamani da ake nomawa a ƙasashe masu zafi daga wannan zuri'a suke, har da waɗanda cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri take fitar mana.

Hajiya Mai Gurasa: Malamin Tarihi kana ji ko? Jikokin faifan yarinya har Kura.

Malamin Tarihi: Na ji Hajiya. Ta Japan da Meziko suka biyo, a jirgin gwamnatoci.

Injiniyar Gona: Kuma Hajiya ke ma kina taɓa ta kullum. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Najeriya shigo da ita ake yi, kuma an daɗe Najeriya tana cikin manyan masu sayen jar alkama mai tauri ta Amurka, wadda Kansas ke kan gaba wajen nomanta. Danƙon da ke sa ƙullin burodi ya tashi ya riƙe iska, shi ake saye a wurinta.

Hajiya Mai Gurasa: Shi ya sa in dala ta motsa buhun fulawa ya motsa. Amma ni a funkaso da alkubus ban haɗa alkamar gida da komai ba, wadda za ki wanke ki shanya ki kai inji da kanki. Ƙamshinta daban.

Na Kura: To ku tsaya in faɗi tawa, don ni maganar Malamin Tarihi ce ta zauna mini. Mu ma an yi mana dam. Tiga tun zamanin Audu Bako take, ruwa na zuwa har gona. Kafin ita ma kakanninmu suna noman alkama da jigo a bakin rafi. A 1987 gwamnati ta hana shigo da alkama, aka ce kowa ya noma, bayan 'yan shekaru aka janye. Himma ba mu rasa ba. Abin da muka rasa shi ne mai injin da zai zo da kansa ya ce ga iri, ka noma, ni zan saya. Shekarar da ta wuce waccan an rubuta sunayenmu za a ba mu iri da taki, muka gyara gona muka zauna jira. Iri bai iso ba sai da Janairu ya kama. Na shuka don kada a ce ban shuka ba. Tana cikin yin ido zafi ya sauko, ƙwayar ta motse kamar tsakin shinkafa. Da na kai kasuwa abin da aka taya ko kuɗin man injin ban-ruwa bai mayar ba. Su waɗancan mai niƙa ɗan'uwansu ne, jirgi kuma yana bakin gona.

Barrister na Zariya: Kuma mu ma namu dam ɗin ba a kan fili mara mai shi aka yi su ba. A tambayi mutanen Bakolori abin da ya faru a 1980.

Ɗan Damagaram: Barrister kai ko ɗaurin aure aka gayyace ka sai ka tambayi takardar filin masallacin.

Barrister na Zariya: Aikina ke nan ranka ya daɗe.

Baƙon Wichita: Alhaji Allah ya mayar da alheri. Amma kada ka ɗauka can ma aljanna ce. Abokin nawa su biyar ne a gidansu, ɗaya ne kawai ya tsaya a gona, don injin girbi ɗaya yana yin aikin da dā sai an tara gayya. Gonaki suna girma, mutane suna raguwa. Bikin da na je ma rabinsa tsofaffi ne suna tayar da tsofaffin injina masu hayaƙi don jikoki su gani. A 1976 mutanen garin sun taru sun saƙa ƙatuwar ƙararrawa da karan alkama, kwaikwayon ƙararrawar 'yancin Amurka, har aka kai ta babban gidan tarihi a Washington. Tana nan sun dawo da ita.

Abin da na fi daɗewa a gabansa dai wani dutse ne. Ku ɗauka turmi ne aka kwantar, amma na farin dutse, an sassaƙa masa haƙora bakwai a tsawonsa, an huda tsakiya an sa ƙarfe. Sai a shimfiɗa dami a fili mai tauri, a ɗaura wa dawaki dutsen su yi ta zagaye, yana birgima yana dukan zangarniya har ƙwaya ta zube, sannan a shiƙe. Da suka iso sun sa an sassaƙa musu da yawa, ba a jima ba injin casa ya zo aka jingine su.

Na Kura: Wannan dutsen shi nake so in gani. Mu har yanzu wanda bai samu inji ba sanda yake sa wa a kan tamfol, mata su yini suna bugu. Ka turo hotonsa ta gefe da ta kai, ka sa wani abu kusa da shi in gane girmansa. Akwai mai sassaƙa dutsen niƙa a garinmu, ina da shanun huɗa biyu da ba sa komai da rani.

Baƙon Wichita: Na ɗauka guda uku, ɗaya da takalmina a gefe. Bari in tashi daga aiki in turo.

Na Kura: Lamba nawa kake sawa?

Baƙon Wichita: 43 Alhaji.